Labarin da Na Riƙe Shekara Huɗu

Kakata Inna Delu ce ta raine ni, a wani ƙauye tsakanin Daura da Dutsi. Idan sanyi ya shigo, an gama kai gero rumbu, takan hura wutar kara a tsakar gida da zarar an idar da Magariba, ta tura gyaɗa cikin toka. Mu jikokinta shida mu kewaye ta. Sunan mijinta aka sa mini, Haruna, saboda haka bakinta bai taɓa kiran sunana ba.

"Maigida, matsa can, ka tare mini wuta," in ji ta. "Wane irin miji ne wannan, ba cefane sai cin gyaɗa?"

Tana da tatsuniyoyin ban dariya, na kura da na biri. Amma akwai guda ɗaya da ba a dariya a cikinta. Idan za ta fara ta sai ta ce, "Mai jin barci ya tashi tun yanzu. Wannan ba a barinta a rabi."

Wai a zamanin kwari da baka, aminai biyu, Tanko da Jatau, suka tafi yaƙi. Kibiya ta sami Jatau, ya cika a gindin wata kuka. Tanko ya haƙa rami ya rufe shi, ya kamo hanyar gida. Da ya iso sai ya tarar da matar Jatau tana daka a ƙofar gida. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Ina ɗan'uwanka?" Ya ce, "Yana tafe."

Kalma biyu ke nan, suka ɗaure mace shekara bakwai. Ba ta shiga takaba ba, don ba a ce mata ya mutu ba. Ba ta yi aure ba, don da igiya a kanta. Kullum sai ta zuba tuwonsa a akushi ta rufe da faifai. Ba wanda ya yi wa Jatau addu'a ko sadaka, tunda ba a yi wa mai rai. Shi kuwa Tanko, tun daga ranar duk abin da ya sa a baki ƙasa yake ji. Fura ƙasa, nama ƙasa. Ya rame ya zama kamar kara. A shekara ta bakwai ya rarrafa ya je ya faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mutuwarsa ta Allah ce. Shekara bakwai ɗin nan kuwa kai ka cinye mini su."

A nan Inna take tsayawa, ta tona wuta da tsinke. Wata rana na ce, "Tsohuwa, ai tausayinta ya ji." Ta dube ni. "Kansa ya ji wa tausayi, maigida. Wanda ya rufe mutum, shi ke kai labari. Da ƙafarsa."

Sai da na girma na gane dalilin zafinta. Kakana yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin ƙetare. Bai dawo ba, kuma ba wanda ya zo ya ce mata komai.

Na shiga soja. Aka kai mu wata ƙasa a bakin teku, daji ne da fadama. Can na haɗu da Lawal, mutumin wajen Mashi. Tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Ranar da aka yi mana kwanton ɓauna harsashi ya fasa mini gwiwa. Lawal ya riga ya tsira, ya dawo ya ɗauke ni. A bayansa nake aka harbe shi. Mu huɗu muka rage a wurin. Muka haƙa da wuƙa da hannu, muka juya fuskarsa gabas, na cire layar da ke damtsensa. Sauran ukun ba su kai ƙarshen wata ba, a idona aka rufe su kafin a kai ni asibiti. Rundunarmu ta tarwatse, ni ina asibiti ban san inda kaina yake ba, aka sa sunan Lawal cikin waɗanda suka ɓata.

Na dawo Daura da sanda. Daga Daura zuwa Mashi ba wata tafiya ba ce. Shekara huɗu ban je ba. Me zan ce wa uwarsa? Ɗanki ya mutu don ni in rayu?

Bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, wani ɗan acaba ya ɗauko ni daga kasuwa, muna hira, ashe ɗan ƙauyensu Lawal ne. Ya ce matarsa Hajara ta gaji ta je gaban alƙali. 'Ya'yanta biyu ba su da rabo a gonar gado, don 'yan'uwan miji sun ce sai mai ita ya dawo. Alƙali ya ce a kawo wanda ya ga gawa.

Na ce, "Juya babur."

"Ina, Baba?"

"Garinku."

A zaure na sami mahaifinsa. Na durƙusa iyakar yadda gwiwa ta bar ni, na ajiye layar a gabansa. Aka kai wa uwar cikin gida. Ita ta ɗinke ta, ta gane zarenta. Muka ji salatinta daga nan.

"Baba, Lawal ya rasu. Ni na rufe shi. Ni ya koma ɗauka."

Tsohon ya ce, "An juya shi alƙibla?"

"An juya shi."

"Alhamdu lillahi."

Daga bayan zana Hajara ta yi magana. "Malam, yaushe ka dawo ƙasar nan?"

"Shekara huɗu."

"Allah ya isa," in ji ta. Gaskiyarta ce.

Ranar Litinin na tsaya gaban alƙali na rantse. Hajara ta yi takabarta, wata huɗu da kwana goma. Aka raba gona. Aka yi gumba da waina aka raba sadaka, liman ya ambaci Lawal da sunansa da na ubansa. Hajara har yau ba ta amsa gaisuwata, kuma ban nemi ta amsa ba.

Duk shekara akan tara mu mazan jiya, a yi fareti, a ajiye furanni, a harba bindiga sama. Ina zuwa, ina tsayawa da sandata. Ban raina ba. Amma fure ba ya sa mace ta fita daga jira, ba ya ba maraya gonarsa. Abin da Inna ta dasa mini shi ne girmama wanda ya faɗi yana farawa daga ƙofar gidansu, da mutum tsaye yana faɗin inda ya kwanta.

Sauran ukun da muka binne Lawal tare, su ma na san inda aka rufe su. Na kai labarin biyu. Na ukun Sale muke ce masa, ya ce garinsu yana bakin iyaka, ubansa dillalin raƙuma ne. Abin da na sani ke nan. Na bi kasuwar dabbobi biyar ina tambaya. Ranar Lahadi zan je ta shida.