Tauraron da Nafi'u Ya Rage

Wata rana, Talata ce, ina zaune a bencin asibitin ido ina jiran a kira ni. Lamba ta sittin da biyu aka ba ni. Ana kan ta goma sha tara.

Kusa da ni wani dattijo ne, sa'ana ko ya ɗan girme ni. Ya kai wayarsa kusa da hanci, ya janye, ya sake kawowa. Farar yana ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dushewa.

Ya ce, "Malam, ka yi kama da masu jin Turanci."

Na ce ina taɓawa.

A makarantar mishan na koya, wurin wata Baturiya da ba ta yarda yaro ya karanta layi ba tare da ya ɗora yatsa a ƙarƙashinsa ba. Daga baya na yi shekara talatin da ɗaya ina tafinta a kotu. Ban taɓa ƙara wa mutum kalma ba, ban taɓa rage masa ba.

Ya miƙo min wayar. Na zaci takardar likita ce.

Shafi ne da 'yan wasan kwamfuta ke rubuta ra'ayinsu a kan wani wasa. A wasan, wai kana cikin kumbo a can sararin samaniya, mutum-mutumi sun ƙwace shi, kai kuma kana bi ɗaki-ɗaki kana harbi. Ba ka ganin fuskarka, bakin bindigarka kaɗai kake gani a gabanka. Kowa ya rubuta nasa sai ya ba wasan taurari, daga ɗaya zuwa biyar.

Na ce, "Malam, da furfurarka?"

Ya yi dariya. "Ni ko ludo ban iya ba."

Sai ya ba ni labari. Tela ne. Yana da ɗa, Nafi'u, wanda wasan nan ya shiga ransa. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito ba daɗi, uban ya ɗauki kwamfutar ya buga da ƙasa. Da gari ya waye yaron ya bar gida. Shekara huɗu ke nan. An ce yana Ikko, yana aiki, yana lafiya. Bai taɓa kira ba, kuma ya canza lamba.

Ƙanwar yaron ce ta gane sunan da yake wasa da shi, ta buɗe wa uban shafin. Amma ta ƙi karanta masa.

"Za a yi min aikin ido. Kafin in kwanta a gaban wuƙa, ina so in san ko ina da ɗa."

Na gyara tabarau. Ni ba na fara takarda daga tsakiya, saboda haka daga sama na ɗauko.

Wani ya ba da tauraro ɗaya, ya ce bindigogin kamar na yaran sallah. Wani ya ba da biyar, ya ce matarsa ta yi yaji saboda wasan, kuma bai lura ba sai bayan kwana biyu. Dattijon ya ce, "Allah ya shirya." Mutum bakwai, na ƙirga, sun yi kuka da abu ɗaya: akwai wani tsohon injiniya a cikin kumbon da ke yi wa ɗan wasa faɗa ta rediyo tun daga farko har ƙarshe. Suka ce ya cika mita, a cire shi.

Sannan muka iso na Nafi'u. Taurari huɗu.

Na ɗora yatsa, ina karantawa ina juyawa zuwa Hausa.

"Bindigar farko ba ta da ƙarfi, amma kada ka yar da ita, za ta yi maka rana a mataki na tara. Mutum-mutumin sun fi yadda ake faɗa wayo. Na fara wasan nan ne a gidanmu."

Idona ya riga bakina zuwa layi na gaba. Na ga abin da ke ciki. Na dubi dattijon, ya karkato da kunne kamar mai jiran hukunci.

Na sauke yatsana layi biyu, na buɗe baki zan ci gaba.

Ya riƙe min hannu.

"Malam, ka tsallake."

"Yaya aka yi ka sani, kai da ba ka gani?"

"Ba na ganin rubutu, amma ina ganin yatsa. Shekara arba'in ina ɗinki. Na san inda zare ya tsallake. Koma."

Kunya ta kama ni. Na koma.

"Mahaifina ya fasa min kwamfuta a gaban ƙannena, ya ce ni ba ɗansa ba ne."

Aka kira lamba ta talatin, aka kira ta talatin da ɗaya.

Ya ce, "Haka aka yi. Bai ƙara ba. Ci gaba."

Na ci gaba.

"Na ga ana cewa a cire tsohon injiniyan. Kada a cire shi. Kafin ya yi faɗa sai ya yi gyaran murya sau biyu, irin na babana. Na gama wasan sau shida, kuma don in ji shi nake komawa. Tauraro ɗayan da na rage, na rage shi ne saboda ba a sa wurin da mutum zai amsa masa ba."

Dattijon ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Sai ya ji kansa, ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna motsi. Ban san ko dariya ce ko kuka ba, ban kuma duba ba.

Can ya ce, "To a nan, akwai wurin amsawa?"

Na ce akwai.

"Rubuta da Hausa."

Na ce, "Ba za mu fara da gaisuwa ba?"

"In na fara da gaisuwa ba zai yarda ni ne ba."

Ga abin da ya faɗa, ban gyara masa ko wasali ba: "Nafi'u, babanka ne. Na ji. Abin da na faɗa ranar nan ƙarya ne, kai ɗana ne. Za a buɗe min ido. Ina so in gan ka da shi."

Aka kira lambarsa. Ya tashi yana lalube da sanda. Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba.

Na dai kwafi sunan shafin a littafin aljihuna. Kullum bayan karin kumallo sai in duba.

Kwana goma sha takwas babu komai.

A na sha tara, ga layi ɗaya a ƙarƙashin namu: "Baba, wane idon? Wace rana? Kada ka shiga sai na zo."

Na ɗaga ido zuwa saman rubutun Nafi'u na ƙirga taurarin. Na cire tabarau, na goge, na sake ƙirgawa.

Biyar ne.

Ni nawa ƙanin, wanda muka yi shekara goma sha ɗaya ba ma magana, ya riga mu gidan gaskiya, babu shafin da zan same shi yanzu.

Darasi: Idan mutum ya zo neman gaskiya, kada tausayi ya sa ka tsallake masa layi mai zafi. Da na tsallake, da uban bai san abin da zai janye ba. Kuma idan kana da wanda kake bin labarinsa daga nesa, ka amsa masa tun akwai wurin amsawa.

Ka tura wannan ga wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba. Ba sai ka ƙara komai ba, zai gane.