Hajja Zaratu da Akwatin Gwange

Duk wanda ya tashi a unguwar Mafoni ya san hayaƙin Hajja Zaratu kafin ya san fuskarta. Tun tana yarinya aka ɗora mata tukunya, da ita ta yi aure, da ita ta fita takaba. Gwanintarta ɗumame: ta yanyanka tuwon jiya cikin miyar kuka, ta bar shi kan garwashi yana ɓararraka har ƙamshi ya tsallaka katanga. Mutum ɗaya take yi wa, yayanta Babakura, tsohon dillalin shanu. Tun rasuwar matarsa, kullum da hantsi sai ya hau keke napep daga unguwar Gwange, ya zauna a tabarmarta, ya ce gishiri ya yi yawa, ya suɗe kwano.

Sai 'yarsa Najiba ta samu aiki, ta sa wutar sola a gida, ta kawo maikurowef, akwatin ɗumama abinci mai aiki da lantarki. Babakura ya ɗauke ƙafa.

Hajja ta ce ita ba za ta yi magana ba. Mai gawayi dai ya ji, mai ruwa ya ji, har wanda ya tsaya tambayar hanya ya ji cewa akwai wani akwati a Gwange, bai taɓa hura wuta ba, hayaƙi bai taɓa sa shi hawaye ba, amma shi ake yi wa sannu da aiki.

Ran nan ta zuba tuwonta da miya a kwanon silba, ta ɗaure da ɗankwali, wai ta tafi dubiya. Ta tarar da Babakura lafiya ƙalau, har kumatu ya yi, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Najiba na fita sayo mata lemo, Hajja ta lallaɓa kicin. Ga akwatin nan fari tas, an yafa masa ƙyalle mai ado kamar wani alhaji. Ta ce bari a ga iyakarsa da tuwon gaske. Ta cusa kwanon har da murfi, ta danna maɓallin da ya fi girma.

Ciki ya ɗau walƙiya da tartsatsi. Hajja ta manne da bango tana salati, sai ga Najiba ta shigo a guje ta kashe.

"Gwaggo, ƙarfe ba ya shiga nan. Gidan za ki ƙona mana?"

"Abin da ke tsoron kwano, shi ubanki ya bar ni dominsa?"

Najiba ta danne dariya. Ta juye tuwon a tangaran, ta yanyanka, ta yayyafa ruwa, ta rufe da faranti ta bar wa tururi hanya, ta sa a akwatin ta danna. Da ya tsaya ta gauraya ta mayar, wai gefe kan yi zafi tsakiya na nan da sanyi, kuma irin wannan ne ke ɓata ciki. Ta hana a taɓa sai ya ɗan huta. Hajja na tsaye tana roƙon Allah a zuci ya fito kamar roba.

Bai fito kamar roba ba. Babakura ya ci har da gumi, ya dubi Najiba ya ce yau kam hannunta ya faɗa.

"Hannun wa?" in ji Hajja. "Yaya, ni na tuƙa, ni na kaɗa miyar. Ita dannawa kawai ta yi."

Ya ce to, Allah ya yi wa mai dannawa albarka.

Wannan albarka ita ce ta hana Hajja sukuni. Tun daga ranar ita ke hawa keke zuwa Gwange da hantsi, rungume da tangaran ɗin da ta sayo da kanta. Ta iya yayyafa ruwa, ta iya gaurayawa, kuma ko mai akwatin ba ta isa ta danna ba in tana nan. Yayin da akwatin yake juya tuwon sai ta ba shi baya ta riƙe ƙugu. In ya yi ƙarar ya gama, ta ce masa ta ji, ita ba kurma ba ce.