Motar Huɗar Yayana

Yayana ya dawo daga yaƙi da tari da kuma labarin wata ƙaramar tankar yaƙi ta Jamus. A hamadar Masar ya gan ta, inda aka kai su aikin gyaran motoci, an kamo ta an yar a bayan sansani. Ya ce tsawonta bai fi rumfar mai goro ba, mutum biyu ke shiga, direba da mai harbi. Injinta a baya, wani gargare mai haƙora a gaba yana jan sarƙa, sarƙar tana shimfiɗa wa motar hanya tana naɗewa. Wani Bature makanike ya gaya masa cewa lokacin da Jamusawa suka fara ƙera ta an hana su yin kayan yaƙi, sai suka ce wa duniya motar noma ce.

Wannan magana ita ta zauna masa. Shekaru yana juya ta.

Gonarmu ta gado tana Miri, kuma da ita gidajenmu biyu ke ci. Muna da bijimai biyu na huɗa. Ana saura kaɗan mulkin kai, wata ranar bazara na dawo daga ajin yaƙi da jahilci na tarar da turke babu komai, ga wata matacciyar akori-kura a ƙofar gida. Yaya ya yi musayar bijiman da ita wurin wani mai shanu.

Na ce, “Yaya, damina fa ta kusa.”

Ya ce, “Abin da sa zai yi a mako, wannan kafin azahar ta gama.”

Shi ne babba. Tun rasuwar mahaifinmu ban taɓa mayar masa da magana ba, ranar ma ban mayar ba.

Injin bai ba shi wuya ba, aikinsa ne. Ya yanke jikin motar, ya gajarta ta, ya sa aka ƙera masa gargare mai haƙora. Saura sarƙa. Tana bukatar gaɓoɓi da yawa, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, don haka ya raba aikin ga maƙeran Ƙofar Dumi, kowace maƙera da rabonta. Ya ce musu kowace gaɓa faɗin yatsa huɗu.

Wani tsohon maƙeri, abokin mahaifinmu, ya dube shi ya ce, “Soja, Jamusawan nan da ka kwaikwaya, ba su aka ci a yaƙin ba?”

“Ba don sarƙa aka ci su ba, Baba.”

“To, Allah ya sa kai ma kada a ci ka don ita.”

Aka yi dariya, ni ma na yi.

Maƙeranmu gwanaye ne, amma da ido da hannu suke aiki. Fartanya biyu ba sa fitowa daidai, kuma babu manomin da ya taɓa kuka da haka. Kowa ya auna da nasa yatsun. Na mai ƙiba daban, na siriri daban. Na ga bambancin tun muna jera gaɓoɓin a tsakar gida. Na ɗauki biyu na haɗa bayansu na nuna masa. Ya ce in ta yi tafiya za su saba da juna.

Ruwan shuka ya sauka muna harhaɗawa. Maƙwabtanmu suka yi huɗa, suka shuka, hatsinsu ya tsiro.

Ranar da muka kai ta Miri mutane sun taru a bakin gona. Injin ya tashi, motar ta motsa, garmar da ya ɗaura mata ta tsaga ƙasa. Ta yi tafiya kamar tsawon zaure, sai haƙori ya hau kan wata doguwar gaɓa maimakon ya faɗa rami, sarƙar hagu ta zame ta kwanta a ƙasa. Muka mayar. Ta sake zamewa. Har la'asar muna abu ɗaya, mutane suka watse ɗaya ɗaya, wasu na yi mana sannu.

Na nemi aron shanu, duk suna kan aiki. Na ɗauki garmar hannu, ni da matata da matarsa. Shi kuwa ya zauna a gindin ɗorawa da magagari yana goge gaɓoɓin, yana tari, yana cewa saura kaɗan. Kullum in na wuce shi nakan shirya maganar da zan faɗa, in na iso sai in ce, “Sannu da aiki, Yaya.”

Kusurwa ɗaya muka iya nomawa, ita ma a makare. Ruwa ya ɗauke lokacin da dawa ke cikin fitar da kai. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Matarsa ta kwashe yara ta tafi gidan iyayenta cin abinci, shi kuma ya dawo ci a akushina. Da yamma yakan ce in an sami maƙeri ɗaya ya yi dukan sarƙar, baɗi za ta yi. Nakan ce Allah ya kai mu, in tura masa akushin.