Marin da na yi wa Habibu a Abbasiya

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanena Habibu a nan Alƙahira, kuma har yau ban daina jin kunyar kaina ba.

Karatu ya kawo mu, muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Abbasiya. Da likita ya ce ciwon hantarsa ya wuce magani, ni na yanke hukunci a matsayina na babba: mahaifiyarmu Inna ba za ta ji ba. Haka muka taso, ko mutum na shure-shuren mutuwa, in an tambayi jikinsa sai a ce da sauƙi. Duk Juma'a in ta kira daga Gusau, abin da nake faɗa mata ke nan.

Wata rana bayan la'asar na tarar da shi gaban kwamfuta yana ƙyaƙyata dariya. Wani ɗan fim ɗin barkwanci ne na 'yan Kanada, wanda ko kuɗin kirki ba a kashe masa ba. A fim ɗin, wani tsoho ya tara 'ya'yansa a kan abinci ya ce ya kusa mutuwa, su kuwa suka kaure da faɗa kan wa zai riƙe karensa. Habibu ya share hawayen dariya ya ce, "Khalas, shi ke nan, Yaya, ni ma yau zan faɗa wa Inna."

Ya ɗauki waya. Na fizga, ya riƙe, na kwaɗa masa mari, mutumin da ƙashi kawai ya rage masa. Ya kife kan teburin shayi, kofuna suka tarwatse, leɓensa ya fashe, jini ya jiƙa masa riga. Ban tsaya nan ba, na maka kwamfutar da bango. Ya dube ni daga ƙasa ya ce, "Ma'alish, ba komai, Yaya." Bai sake ta da maganar ba. Bayan sati uku ya rasu.

Ɗaliban yanzu da bidiyo suke kiran gida, ba mai iya ɓoye rama. Da yana raye da ya ishe ni da tsiya, ya ce zamani ya ƙwace min sarautata.

Littattafansa na rabar. Abin da ya rage min shi ne sanin cewa ya fi ni ƙarfin zuciya. Bara na je gida na faɗa wa Inna komai. Ta ce, "Tun farko na ji a muryarsa. Jira nake ya faɗa da bakinsa, in yafe masa yana ji."