Wurin Da Sa Yake Komawa

Abin da na fara lura da shi da muka isa filin hawan ƙaho, Kaka ba ya kallon mahauta. San yake kallo. Shekarar da aka sauke tutar Faransa ce, ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, mai kunyar magana. Baba ya ɗauko Kaka daga Tirmini ya kawo shi Zinder kusa da likita, saboda tarin da ya ƙi barinsa.

An ɗaure san da igiya gaba da baya, ana kiɗa, samari na faɗawa tsakanin ƙahoninsa. Amma duk sanda aka sassauta igiya, sai ya ja da baya zuwa gindin wata katanga, ya tsaya yana huci.

"Amaryata, kin gani?" in ji Kaka. "Kerensiya ke nan."

Na ce ban taɓa jin ta a lakwal ba.

"Ina madam ɗinku za ta san ta? Ba Faransanci ba ne."

Ya ce lokacin da yake soja, bayan yaƙin duniya, an ajiye su a kudancin Faransa. Can ya ga ana wasa da sa har a kashe shi. Wani mutumin Sifen da ya gudo daga ƙasarsu ya gaya masa sunan wurin da sa yake zaɓa ya riƙa komawa idan ya jigata. Daga kalmarsu ta "so" aka ciro ta. Faransawa ba su da irinta, sai suka ara yadda take. Shi ma ya nema a Hausa, ya nema a Barbarcin uwarsa, bai samu ba.

"Ba ciyawa a wurin, ba ruwa," ya ce. "Can dai yake so."

Daga ranar na soma lura. Kullum Kaka yana juya tabarmarsa ta fuskanci yamma, hanyar Tirmini. Ya daina tsokanata. Furar da nake kai masa tana dawowa yadda take.

Yau filin nan duk shaguna ne, ni kuma na girmi Kaka na lokacin. Amma ban manta safiyar da na durƙusa gaban Baba ba, ni da ban taɓa fara yi masa magana ba. Na ce:

"Baba, allurar nan ba ta yi masa komai. Don Allah ka mai da shi gida tun yana iya hawa mota."