Bahago Mai Zanen Kabet ɗin Amare

Aƙilu ne sunansa na yanka, amma duk birnin Zariya da Bahago aka san shi, don da hagu yake riƙe buroshi. Ya daɗe a bakin Ƙofar Doka yana zana wa manyan motoci zaki da dabino.

A 1986 abokinsa Dogara, malamin makaranta a Wusasa, ya kawo masa tsohuwar kalanda mai hoton auren wani sarkin Turai, zanen mutanen da. Ga ango da amarya cikin alharini, ga kare kwance a gabansu, ga hular ƙarfe yashe a ƙasa.

"Wannan tarkacen fa?" in ji Bahago.

"Magana ce a dunƙule," in ji Dogara. "Kare amana ke nan. Hular kuwa an ajiye yaƙi, tunda ƙasa biyu sun zama surukai."

Abin ya shiga ran Bahago. Sati bai zagayo ba aka kawo masa kabet ɗin wata amarya ya yi wa gilashinsa fure. Gogan naka ya zauna ya tsara kare, har da lanƙwasar wutsiya.

Ranar jere Hajiya Uwa, gwaggon amarya, tana yaye mayafin kabet ta saki salati, ta sa aka kirawo shi.

"Bahago! Kare a ɗakin 'yata? Ta ina mala'iku za su shigo?"

"Hajiya, ai amana ce."

"Kwashe amanarka ka kai mahauta!"

Mata suka yi ta dariya, shi ma yana taya su, yana kankare karensa da reza. Da ya gama ya durƙusa ya tambaye ta abin da ya dace.

"Tattabaru," in ji ta. "Duk nisan kiwonsu gida suke kwana. Ka ƙara da goro, ɓari biyu fata ɗaya."

Daga nan ya bar motoci. Kafin ya taɓa fenti sai ya ji labarin gidajen biyu: in 'yar malamai ce za ta gidan fatake, allo da sikeli zai jera.

Sai da ya yi wa amare fiye da ɗari zane sannan matarsa Ramatu ta tuna masa nata gilashin fayau yake. Ya zana mata barkono uku jajaye.

"Malam, wannan kuma fa?"

"Miya ba ta daɗi sai da shi."

Ta biyo shi da muciya har zaure. Amma ko jikokinta ba ta yarda su taɓa gilashin nan ba.