Tsintsiya da Taswirar Rumbun Bayanai

A ofishin kowa Tsintsiya yake ce mata, har da masinja. Sunan ya kama ta ne tun shekararta ta farko, da aka lura duk ɓarnar da wani ya bari a cikin manhaja ita ake kira ta share. Da farko haushi take ji, daga baya ta gaji ta fara amsawa.

Ba da rubuta manhaja ta fara ba. Shigar da bayanai take yi a wani kamfanin dillancin magunguna, daga safe zuwa la'asar tana buga sunaye da lambobi, har ta ƙosa da jiran masu gyara ta soma koyon abin da kanta. Yanzu ta haura arba'in, da 'ya'ya biyu da miji mai koyar da tuƙi. Mahaifiyarta kuwa har gobe cewa take 'yarta gyaran kwamfuta take yi, shi ya sa duk wayar da ta faɗa ruwa a unguwa gidan Tsintsiya ake kawowa.

Kamfanin da take yi wa aiki yanzu ɗaki biyu ne a saman wani shagon fenti, ga wari ga fanka mai kuka. Manhaja ɗaya ce ke riƙe da su, wadda masu rarraba magunguna ke amfani da ita. Manhajar tana ajiye komai a rumbun bayanai, tebur-tebur, kowane tebur da gurabensa. Sai dai dole a gaya mata inda kowane abu yake: sunan magani yana gurbi kaza, ranar lalacewarsa tana gurbi kaza. Wannan bayanin suke kira taswira. Matsalar ita ce kowane sashe na manhajar ya rubuta tasa taswirar. Sashen sito da tasa, sashen oda da tasa, sashen rahoto ma haka, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ran nan Mai Rumbu, wato dattijon da ke kula da rumbun bayanan, ya canza sunan gurbin ranar lalacewa. Ya sanar, an ce to. Sashen sito ya gyara, sashen oda ya manta. Ba a jima ba wani kwastoma ya bugo yana zazzaga faɗa, wai manhaja ta bar yaransa sun ɗora maganin da ya kusa lalacewa a mota, Allah ne ya sa direba ya duba kwalin. Wa aka kira? Tsintsiya. Ta wuni tana bin sassa ɗaya bayan ɗaya, duk inda ta ɗaga sai ta tarar da wata taswirar a ɓoye.

Washegari ta sami Manaja a ofishinsa.

“Ranka ya daɗe, wannan abin zai sake faruwa. Muna da Mai Rabo, me ya sa ba za mu ba shi taswirar ba?”

Mai Rabo shi ne tsarin da ke cikin manhajar wanda idan ta tashi aiki yake miƙa wa kowane sashe kayan da ya nema, ba sai sashen ya ƙera nasa ba. Shawararta ita ce a rubuta taswira sau ɗaya, a yi mata rajista a wurinsa, kowa ya karɓa daga can. In an canza suna, wuri ɗaya za a taɓa.

Manaja ya ce, “Kwastoma zai ga wani sabon abu a fuskar kwamfutarsa?”

“Ba zai gani ba.”

“To ki bari mu gama abin da zai gani tukuna.”

Ta bari. Watanni suka shige. Abin ya sake fashewa, wannan karon a sashen rahoto, aka sake kiranta. Daga nan ta daina neman izini. Lokacin cin abinci, mutane na fita, ita tana zaune da burodi a gefe tana kwashe taswirori tana haɗawa. Ta tarar da gurbi ɗaya da aka ba sunaye uku, ta tarar da taswirar wani tebur da aka goge tun kafin a ɗauke ta aiki. A gida maigidanta ya ce, “Ke kam ko a kan tabarma magana kike da kanki. Ɗalibaina da ke taka birki a madadin totur ma ba su sa ni haka ba.”

Da ta gama, Manaja ya kira taro. Kowa yana kallon bango inda aka haska aikin, sai Dogo, mai sashen oda, ya gyara zama.

“Anti, aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Amma kin tara mana komai a wuri guda. Yau in wani ya yi kuskure a fayil ɗin nan, gaba ɗaya muka zauna. Ni kuma duk sanda zan ƙara gurbi sai na zo na yi miki sallama?”

“Ba ni za ka yi wa sallama ba, fayil ne, buɗe yake. Kuma kuskure a wuri ɗaya ai gara shi da kuskuren da za a wuni ana nema.”

“Nawa dai yana aiki.”

“Naka ne ya ɗora magani a mota!”

Ta san ta yi saurin baki, amma magana zarar bunu ce. Dogo ya naɗe hannu. Manaja ya yanke hukunci irin nasa: a gwada, a gani.

Aka gwada. Sassa suka koma karɓar taswira daga Mai Rabo, har da na Dogo, ko da yake sai da ta bi shi kamar mai roƙon wuta. Mai Rumbu ya canza sunaye biyu, aka taɓa wuri ɗaya, ko tari manhajar ba ta yi ba. Babu wanda ya ce mata sannu, don abin da bai fashe ba ba a ganinsa.

Sai wani babban kwastoma ya nemi a ƙara masa rangwame a oda cikin gaggawa. Tsintsiya tana asibiti da ƙaramar 'yarta da ta karye a hannu. Dogo ya yi aikin, ya kuma rubuta ƙaramar taswira a cikin sashensa, bai bi ta Mai Rabo ba. Bayan ɗan lokaci taswirorin biyu suka saɓa, oda ta fara fita babu sunan kanti. Da aka zauna, abin da Manaja ya fara cewa shi ne, “Kafin a kawo sabon tsarin nan ba mu taɓa ganin irin wannan ba.”

Ta nuna musu layin da ya jawo, ta nuna ba a fayil ɗinta yake ba. Dogo ya ce gaggawa ce, kuma ba ta nan. Gaskiyarsa ce, ba ta nan. Manaja ya ce shi ba ya son rigima a ofis, daga yau duk wanda ya ga dama ya bi Mai Rabo, wanda bai ga dama ba ya rubuta tasa. Ya kuma roƙe ta, tunda ta fi kowa fahimta, ta riƙa koya wa sababbin ma'aikata hanyoyin biyu.

Ranar a bakin titi ta tsaya motoci na wucewa ba ta tsayar da ko ɗaya ba, sai da mai shagon fenti ya leƙo ya ce, “Anti, lafiya?”

Ba a rufa shekara ba Dogo ya sami aiki a wani kamfani. Suka rabu lafiya, har ya bar mata kujerarsa mai taya. Aka miƙa mata sashen oda. Da ta buɗe, sai ta ga abin da ya yi a watanninsa na ƙarshe: ya kwafe fayil ɗinta gaba ɗaya, ya liƙa a cikin sashensa, yana ta gyara kwafin shi kaɗai. A samansa ya rubuta, “Tsarin Anti, ya fi sauƙi.”

Mai Rumbu ya zo wucewa da kofin shayi ya gan ta ta dafe kai.

“Yaya dai?”

“Baba, don Allah kada ka canza sunan komai a satin nan.”

Ya kurɓi shayinsa ya ce ai tun da safe ya canza guda biyu.